Rana Biyu a Hannun Madugu

Autarmu ce ta kawo mana wasan, a shekarar annoba, lokacin da aka rufe Ankara, babban birnin ƙasarmu, ba shiga ba fita, ita kuwa tana can unguwar Nima a ɗaki guda, daga ita sai waya. Mu nan Tamale ba a kulle mu ba, amma an hana taro, kuma in babu biki babu suna, tela sai hamma. Ina zaune a shagona na Sabonjida ina goge keken ɗinkin da bai yi datti ba, sai na ga ta buɗe zaure a waya ta jefa mu ciki, mu biyar.

Ta ce labari za mu yi, amma ba irin wanda mutum ɗaya ke bayarwa saura na saurare ba. Kowa zai ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin ya zama shi. Abin da ka rubuta, shi mutuminka ya yi, abin da ka faɗa shi ya faɗa, kuma ba mai sa wa mutumin wani magana a baki. A wajen wasu masu yi da Turanci ta koya, su nasu da dodanni da takubba, ita kuwa so take a yi da Hausa, da abin da yake namu.

Kawu ne ya zaɓa mana labarin. Ƙanen mahaifiyarmu ne, tsohon ticha, yana zaune a Gumbihini tun da ya ajiye aiki. Ya ce a yi ayarin goro, irin wanda kakansa ya biyo har ya ƙare a ƙasar nan: a tashi daga Salaga da jakai, a nufi Kano. Shi ya ɗauki malamin ayari. Yayanmu, direban babbar mota mai kai doya Kumasi, ya ce shi mai jakai ne, tunda dama ɗaukar kaya ya iya. Ƙawata nas, 'yar Dagomba ce da muka tashi layi ɗaya a Moshi Zongo, ta ɗauki mai tuwon ayari, ta ƙara da cewa matar tana da ƙaramin ciki, wai labarin da ba ciki ba ya daɗi. Auta ta zama saurayi mai kwari da baka, mai shiga gaba ya duba hanya.

Ni aka ba madugu.

"Ke ce shugaban tafiya," in ji Auta. "Ke ce kuma ruwan sama, ke ce ɓarayi, ke ce duk wanda muka gamu da shi a hanya."

Dalilinsu, wai ni kaɗai ce ke zaune wuri ɗaya da waya a gefe. Da na san abin da ke ciki, da na ce ina da ɗinki.

Na rubuta cewa gari ya waye a Salaga, an ɗaure kaya, jakai suna tsaye. Kafin in sa zare a allura, saurayin Auta ya fita gari, ya harbo zabo, ya isa zango, ya hura wuta, ya kwana, ya tashi, yana tambayar ina muke. Kawu kuwa sai kashegari da hantsi ya bayyana. Malaminsa ya tafi sallama da mai masauki, kuma ni ce mai masaukin, dole in amsa. Ya gaishe ni da kwana, na amsa. Bayan azahar ya tambayi iyali. Washegari ya tambayi gajiya, sannan ya shiga godiya. Mako ya zagayo malam bai sa takalmi ba. Yaya ba ya taɓa waya sai ya faka, ko a Kintampo ko a Techiman, ya jefo layi biyu ya ɓace: jakinsa ya ƙi tafiya, ya ba shi dusa.

Ƙawata ce ta fara yin tambayar da ta bi ni shekaru. Hausarta irin ta layinmu ce, mace da namiji duk "ya" ne.

"Madugu, yanzu safe ne ko dare ne? Matan nan bai san wane abinci zai dafa ba."

Na duba sama na duba ƙasa. A wajen Kawu hantsin ranar farko ne. A wajen Auta asubar rana ta biyu. Jakin Yaya kuwa yana tsakiyar hanya, ba wanda ya san yaushe. Na ce mata ta ɗora wake, shi yana ɗaukar lokaci.

Ta ɗora, aikin asibiti ya haɗiye ta. Mai jakai ya zauna da akushi a hannu yana jira. Mangwaro ya ƙare a kasuwa, ruwa ya sauka a Tamale, kwalbatin gaban shagona ya cika ya janye, sannan ta dawo ta rubuta cewa a yi haƙuri, waken bai dahu ba tukuna. Yaya ya ce wannan wake ne ko tsakuwa. Ta ce ai yanzun nan ta ɗora. Ni da aka ce ina hukunci, na rasa wa zan ba gaskiya, domin duka biyun ba wanda ya yi ƙarya.

A ranar Yaya ya kira ni, ina jin ƙarar injin a bayansa.

"Ke Madugu, goron nan ana yayyafa masa ruwa kuwa? An canza masa ganye?"

"Yaya, jiya fa muka tashi."

"Jiyan wa? Ni tun da muka tashi na sauke doya a Kumasi ban san sau nawa ba. Ki gaya mini da wace rana goron nan yake lalacewa, da tamu ko da tasu, in san abin da zan yi."

Ban gaya masa ba, don ban sani ba.

Kawu ne ya kawo doka ta farko. Ya ce rana ɗaya Allah ya halitta, saboda haka in safiya ce a Tamale safiya ce a ayari, in an kira magariba a nan an sauka zango a can. Kowa ya yaba. Abin ya tafi daidai har ranar da na sako ɓarayi. Babbansu ya ɗaga takobi a kan malamin ayari, na tsaya ina jiran Kawu ya faɗi abin da malam ya yi. Ashe dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ta kama Gumbihini, wayarsa ta mutu, ga shi kuma ya wuce ƙauye gaisuwar rasuwa. Bisa dokarmu rana tana fitowa tana faɗuwa, ɓarawo yana nan tsaye da hannu a sama. Auta ta tambaya wa ke jan mu sallah, tunda liman yana ƙarƙashin takobi. Ƙawata ta rubuta cewa mai tuwo ta zuba wa ɓarawon koko, baƙo ne, ya kwana a wurinmu. Da Kawu ya dawo, bai duba komai ba ya rubuta cewa malam ya kauce da sauri kamar walƙiya.

Azumi ne ya ƙarasa kashe dokar. Kawu ya ce tunda rana ɗaya ce wata ma ɗaya ne, ayari yana azumi. Yaya ya ce matafiya ne, an ɗauke musu. Auta ta ce a zamanin kakan Kawu wa ya san a wane yanayi azumi ya faɗo, mai yiwuwa ma sun riga sun yi sallah. Ƙawata ta ce ita dai matarta tana da ciki, sai ta ci. Ta zauna da la'asar sakaliya, lokacin da kowa bakinsa ya bushe, ta rubuta yadda aka tuƙa tuwo, aka kaɗa miyar ayoyo, aka yi mata romo a kai. Kawu ya ce ta ji tsoron Allah.

Sai Auta ta kawo doka ta biyu, irin ta masu Turancin. Rana tana hannun madugu. Ba ta fitowa ba ta faɗuwa sai na rubuta. In na ce rana ta faɗi, duk inda kake ka tattara ka iso zango.

Na ɗauka na huta, ashe na zama abin kamun ƙafa. Auta kullum so take in faɗar da rana a wuce. Yaya so yake in riƙe har ya faka. Wata rana ina gwada wa wata hajiya riga, sai ga Kawu a kan tsohon babur ɗinsa, ya tsaya a ƙofar shago ko injin bai kashe ba.

"Ɗiyata, don Allah kada ki faɗar da rana yau. Ban gama da sarkin garin nan ba."

"Kawu, tun makon jiya take tsaye a wuri ɗaya."

"Ki ƙara riƙe ta zuwa jibi. Jibi in Allah ya so ki sake ta."

Ya ja babur ya tafi. Hajiya ta dube ni ta madubi, ta dubi hanya, ta ce a cire mata rigar za ta dawo. Sai ɗiyarta ta aiko ta karɓa.

Abin ya fara bina gida. Maigidana ya tambaye ni wata safiya yau wace rana, na ce ba ta faɗi ba tukuna. Wata mai ɗinki ta ce bana ruwa ya yi jinkiri, na ce ai tun da muka baro dutsen nan ake zuba shi, sannan na tuna a Tamale ba mu baro wani dutse ba. Akwai lokacin da na bar rana a tsakiyar sama har wata ya mutu wani ya tsaya, kuma duk sanda na ɗauki waya sai in ji zafi a ƙeyata, in ji tausayin jakai.

A haka, da rarrafe da tsalle, muka iso babban kogi. Lokacin an daɗe da buɗe gari, biki ya dawo, ɗinki ya dawo, amma ba wanda ya ce a daina. Kowa ya haye sai mai jakai, shi ne na ƙarshe, yana cikin kwale-kwale da ragowar kaya. Na sa iska ta taso, kwale-kwalen ya karkata, aka jefa masa igiya daga gaɓa. Yaya ya rubuta, "Na miƙa hannu." Daga nan shiru.

Ya samu aikin kai kaya ƙetaren iyaka, Burkina har gaba, kuma a tafiyar farko wayarsa ta faɗi taya ta bi ta kai. Ya koma riƙe ƙarama mai maɓallai, wadda ba ta shiga zaure. Da na same shi na ce ya faɗa mini da baki, ya kama igiyar ko bai kama ba, in rubuta masa.

"A'a. Ba a yi wa mutum wannan. Da hannuna zan rubuta. Ku jira ni, ba zan daɗe ba."

Muka jira a bakin kogi. Kawu ya sa malam addu'a har addu'o'in da ya sani suka ƙare ya koma farko. Saurayin Auta ya harbe duk tsuntsun da ke gaɓar. Ni kuwa ba dama in faɗar da rana, mutum yana tsakiyar ruwa da hannu a miƙe. Ana nan ƙawata ta samu ciki na gaske, na ɗinka mata rigunan ciki, na ɗinka na suna, muka ci shinkafa a gidansu. Ranar da ɗanta ya fara zama ta turo hotonsa a zauren.

"Madugu, ni na yi ciki na haihu, yaro ya zauna. Matan nan tun Salaga ya na da ciki. Ki tausaya mishi. Ni nas ne, wannan ba lafiya ba ne kwata-kwata."

Auta ta ce akwai magani, ana tsallake lokaci. Madugu ta rubuta "bayan kaza" kawai, kowa ya faɗi inda rayuwa ta kai shi. Sauran magana ɗaya, yaya za a yi da mutumin cikin ruwa.

Ina gidanmu na Moshi Zongo da rana, Mma mahaifiyarmu tana gefe tana ɓarar gyaɗa, na kira Kawu mu yanke shawara. Na manta ban gaya mata komai game da wasan ba.

"To Kawu, in ce ruwa ya tafi da Yaya ke nan, ba a ga gawa ba?"

Faifan gyaɗar Mma ya kife. Salatin da ta saka ya fito da maƙwabta, wata har da ludayi a hannu. Ina cewa wasa ne, wasa ne, ba mai ji na. Muka yi ta neman layin Yaya ba ya shiga, sai wajen la'asar aka same shi, ta ji muryarsa yana faɗa da wani a kan taya, sannan ta yarda ta sha ruwa. Da mutane suka watse ta zaunar da ni.

"Ya faɗa ruwan ko bai faɗa ba?"

"Bai faɗa ba, Mma. A labari ne."

"A labarin ya faɗa?"

"Ba mu sani ba tukuna."

"Ku da kuke yin labarin?"

"Shi ne zai faɗa, kuma ba shi da waya."

"Yanzu ba da shi na yi magana a waya ba?"

Ta ce ita ba ta gane ba kuma ba ta son ganewa, amma duk wanda ya kashe mata ɗa, a labari ne ko a mafarki, ba ta yafe ba. Ta sa aka soya ƙosai aka raba sadaka.

Don haka ban kashe shi ba. Na rubuta cewa ruwa ya ja kwale-kwalen ya sha kwana da shi, ba wanda ya ƙara ganinsa. Na bar layi, na rubuta, "Bayan damina biyu, a Kano." Na kira Yaya in sanar da shi, yana ta cewa to, to, a cikin ƙarar mota, na ɗauka ya ji.

Wasan ya farfaɗo kamar an yi wa shuka ruwa. Mai tuwo ta haihu tuni, ɗanta yana tafiya, ta buɗe wurin sayar da abinci. Saurayin Auta ya ajiye baka ya shiga kasuwa. Malam ya samu zaure yana karantarwa. Kowa ya rubuta irin kewar mai jakai da yake yi, har na Kawu ya sa ni hawaye a kan yadin mutane. A karo na farko kowa ya san safe ya san yamma.

Sai Yaya ya dawo da sabuwar waya. Saƙonni sun taru masa kamar tsibin doya, bai karanta ko ɗaya ba. Ina cikin yanka leshi na ji waya ta yi ƙara.

"Na cafke igiyar! Ku ja, jama'a, ku ja!"

Na tsaya da almakashi a buɗe. Kafin in san abin da zan ce, Kawu, wanda bai taɓa amsa saƙo a ranar da aka turo shi ba, ya rubuta cewa malam ya jefar da rawani ya kama igiya, yana ja yana salati. Wannan malamin kuwa da safiyar nan yana Kano yana raba faɗan maƙwabta.

Auta ta ce ba zai yiwu ba, an wuce wurin. Yaya ya ce wa ya wuce, shi yana cikin ruwa. Ƙawata ta ce in an koma kogi cikin zai dawo ke nan? In zai dawo ita ta fita. Kowa ya ce madugu ta yi hukunci, na kashe wayar na ce caji ya ƙare.

Sai a babbar sallah muka haɗu ido da ido, a tsakar gidan Mma, hayaƙin nama yana shiga mana ido. Auta ta zo daga Ankara, ƙawata ta zo da ɗanta a baya. Aka baje maganar. Na ce ga sauƙi, a ce mai jakai ya tsira a can bayan kwanar kogin, ya sha wahala, yau ga shi ya iso Kano, a yi murna.

"Ban yarda ba," in ji Yaya. "Kogin da ban haye ba ba za a ce na haye ba. Hanyar da ban bi da ƙafata ba kuma ba za a ce na bi ba. Ni direba ne."

"To mu mun riga mun bi," in ji Auta. "Ba za mu sake ba."

Na ce to a raba. Mai jakai ya fito daga ruwa shi kaɗai, ya biyo hanya a hankali, su kuma su zauna a birni su jira shi. Sai dai Kawu ya janye maganar jan igiya, tunda malam ba ya nan.

"Ina nan," in ji Kawu. "Na riga na jiƙe."

"To Kawu, ka bar Kano ke nan?"

"Ina da ɗalibai a Kano. In bar su wa wa?"

Mma tana juya nama ba ta ko dube mu ba ta ce, "Ku ce tagwaye ne mana, ku bar mutane su ci abinci."

Kawu ya ce shi ba tagwaye ba ne, shi ɗaya ne. A kan haka aka tashi, kowa yana ganin shi ya yi nasara.

Daga ranar na koma riƙe rana biyu. Duk saƙon da zan rubuta sai in sa masa kai, ko "Hanya" ko "Birni". A hanya akwai Yaya da Kawu da jakan da suka rage. A birni akwai Auta da ƙawata da Kawu. Dabarata ita ce in jinkirta na hanya har damina biyu su cika, sannan in shigo da su birni a haɗu. Abin da ban lissafa ba, birni ba ya tsayawa. Yini ɗaya na hanya yana cin makonni, don Yaya sai ya faka, a birni kuwa Auta tana iya cinye wata guda kafin in gama kalmasa siket. Na roƙe ta ta rage gudu, ta ce ai ta rage, gida ɗaya kawai ta gina, mata ɗaya kawai ta aura. Maimakon tazarar ta ragu sai ƙaruwa take yi. Na gwada rubuta cewa na hanya sun yi watanni a wani gari suna jinyar jaki, Yaya ya ce bai ga watannin ba, a kawo su ɗaya bayan ɗaya.

Na gurgunta jakai, na karya gada, na kawo zazzaɓi, na sa wani sarki ya tsare su. Ina haka kaina ya fara haɗa wayoyi. Na zuba ruwan hanya a birni ana tsakiyar rani. Na saki kura a tsakiyar kasuwar Kano, alhali Yaya na nufa da ita. Wata rana na sa ɗan mai tuwo ya kawo wa mai jakai ruwa a daji, yaron da a can ko haihuwarsa ba a yi ba. Yaya ya karɓa ya sha ya sa masa albarka. Ƙawata ta ce wa ya ba ni izinin kai mata yaro daji. Kawu kuwa yana amsa nan yana amsa can, wani lokaci ya manta ya ba ɗaliban Kano labarin abin da ya same shi jiya a hanya, su kuma su yi masa jaje.

Na taɓa zama na ce yau sai na warware abin nan. Na zuba maɓallai a kan tebur, farare na hanya, baƙaƙe na birni, ina turawa ina ja. Maigidana ya shigo ya tsaya yana kallo, ya ce wa ke cin wasan. Na ce ban sani ba, na kwashe su na mayar gwangwani.

Yadda abin ya ƙare ba ni na ƙare shi ba. Motar Yaya ta lalace a Kintampo, ya wuni a ƙarƙashin bishiya yana jiran makanike, zaman ya ishe shi. A lissafina suna can nesa, da sauran tafiya mai yawa da lokaci mai yawa. Sai kawai ya rubuta, "Ga ganuwar Kano can. Alhamdu lillahi." Mutumin da ya ce ba ya tsallake ko taki ɗaya.

Na fara rubuta cewa ba ganuwa ba ce, tudu ne, sai wata amarya ta shigo da ƙawayenta a gwada mata kaya, aka ce hannu ya matse, aka ce wuya ya yi faɗi. Kafin in sallame su in koma, an gama komai. Mutumin Auta ya rufe rumfa ya ruga ƙofar gari ba takalmi. Mai tuwo ta saki muciya. Ƙawata ta turo murya, tana kuka na gaske daga ɗakin hutawarsu na asibiti, tana cewa sannu da zuwa, sannu da zuwa, mun ɗauka ka mutu. Yaya ya rubuta cewa mai jakai ya durƙusa ya sumbaci ƙasa, ya ce a ba jakansa ruwa kafin shi. Na karanta, na goge abin da na fara rubutawa.

Saura malam. Kowa yana jiran ya ga yadda mutum zai shigo garin da yake ciki. Sai bayan la'asar Kawu ya bayyana. Ya rubuta cewa malam ya shiga gida, ya tarar da buzunsa a shimfiɗe, ya kwanta ya miƙe ƙafa, don ya gaji. Ba wanda ya tambaye shi wane malam. Daga baya na same shi a wani ɗaurin aure na ce, Kawu, tsakani da Allah, wanda ya kwanta ɗin nan na hanya ne ko na birni? Ya ce shi ma ya yi tunanin abin, bai samo ba, amma barcin ya yi masa daɗi.

A makon na ajiye madugu. Na ce ko a karɓa ko in fita. Ƙawata ta karɓa, kuma ita ba ta da doka ko ɗaya. In an tambaye ta lokaci sai ta ce da sauran rana, kowa ya ci gaba da abin da yake yi, kuma abin mamaki faɗa ya ragu. Ban san me ya sa nata ya yi nawa bai yi ba.

Ni na ɗauki wata tsohuwa mai kitso a bakin kasuwa, wadda ba ruwanta da kowa. Matar mutumin Auta, wadda ita ma Autar ke rubuta ta, ta zo na fara mata shuku, muka kai rabin kai, sai aka sa ranar auren Auta na gaske, kayan ɗinkinta suka cika mini shago. Shekaranjiya ta kira ni daga Ankara, ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Wai yaushe za ki gama mini ne?" Na ce wanne, kitson ko ɗinkin. Ta ce bari ta tuna abin da ya sa ta kira.